Dutsen Da Aka Ba Ni In Aza

Assalamu alaikum wa rahamatullah.

Shugaban wannan taro, babban jami'in yawon buɗe ido da ya taso tun daga birni, shugaban ƙungiyar masu masauki da mutanensa da ke layin gaba, dattawan gari, iyayena mata, 'yan jagora da 'yan dako da aka bari a tsaye a bayan zaure saboda kujeru sun ƙare kafin a zo kansu, da sauran jama'a maza da mata, ina gaishe ku duka.

Na gode da aka kira ni. Na gode wa waɗanda suka sauko da gawar ƙanena a kafaɗunsu, suna zamewa suna tashi a kan dutse mai santsi. Na gode wa matan da suka zauna da matarsa har ta iya haɗiye ruwa. Wannan godiyar daga zuciyata take. Akwai wata godiyar kuma da aka rubuto mini a takarda in karanta, wadda ke yaba wa kwamiti a kan shirinsa na tunawa da marigayi. Na bar ta a gida. Na koyar da yara karatu har furfura ta fito mini, ban taɓa karanta musu abin da ban yarda da shi ba, kuma ba zan fara da manya ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce yayar ɗan jagoran nan da kuke kira Sannu-Sannu, wanda ya faɗa kwazazzabo a daminar da ta wuce. Sunan ya bi shi ne domin ita ce kalmar da yake faɗa wa duk baƙon da ya ɗauko hawan dutse da gudu. Wannan farin dutse da kuke gani a hannuna, kwamiti ne ya sa aka shafa masa fenti, aka rubuta sunansa a kai. An shirya a gina babban tulin duwatsu a inda ya faɗi, ni in aza na farko, sa'an nan duk baƙon da ya hau ya ƙara nasa. A kan wannan na tashi in yi magana, kuma maganata uku ce.

Ta farko, ina so in tuna wa zauren nan abin da tulin duwatsu yake nufi, domin na lura masu yanke shawara a kansa sun fi saninsa a hoto. Idan mai hawa ya wuce itatuwan ƙarshe, sai ya fito kan falale, wato shimfiɗaɗɗen dutse wanda ba ciyawa, ba ƙasa, ba sawun ƙafa. A can babu hanya. Abin da ake kira hanya shi ne tulin duwatsu da mutanen dā suka jera, ta yadda in ka tsaya a wannan za ka hango na gaba. Idan rana tana haskawa, kowa gwani ne. Amma idan gajimare ya sauko ya rufe dutsen, har mutum ba ya ganin ƙarshen sandarsa, to rayuwarsa tana hannun tulin da ke gabansa. Ya laluba ya same shi, ya dafa, ya nemi na gaba. Na karanta labaran masu hawan duwatsu na ƙasashe da dama, masu ƙanƙara da masu rairayi, kuma duk inda na duba ƙa'idar guda ce: tuli magana ce tsakanin wanda ya wuce da wanda ke tafe, cewa nan ne, biyo nan. Wanda ya aza tuli a inda ba hanya, ƙarya ya yi wa mutumin da bai taɓa gani ba.

Magana ta biyu, yadda muka mai da wannan ƙarya sana'a. A hagun falale akwai wani wuri a bakin kwazazzabo inda ake hango kwari gaba ɗaya. Baƙi suna son wurin. Wani baƙo ya taɓa ɗora duwatsu ya ɗauki hoto, wani ya gani ya kwaikwaya. Maimakon a hana, sai masu masauki suka ga abin ya yi kyau. Ku shiga ɗakin karɓar baƙi na kowane masauki a garin nan, ku dubi bangon da ke bayan kanta, kusa da inda ake rataye makullai. Za ku ga allo mai hoton saurayi da budurwa suna murmushi, an rubuta a ƙasa: aza dutsenka, ka bar alamarka. Yau daga hanyar gaskiya har bakin ramin, tuli ne a jere, ƙanana da manya, kamar an shuka su.

Kuma ku da ke tsaye a baya, kada ku ɗauka zan tsallake ku don kun ɗauko mini gawa. Wa yake tsinto wa baƙi duwatsu masu faɗi? Wa yake riƙe musu waya yana cewa a matsa hagu kaɗan? Ku ne. Kun san abin da tuli yake nufi fiye da kowa, amma kuka ce ai mu mun san hanya. Marigayin ma ya san hanya.

Ƙanena ya yi magana. Ya faɗa a taronku, aka yi dariya aka ce tsufa ne ya fara kama shi. Da ya gaji da faɗa, sai ya koma rushewa da ƙafa. Ranar da ya shure tulin wani baƙo a gabansa, baƙon ya kai ƙara, aka kira ƙanena ofis aka sa shi ya ba da haƙuri, aka ce in ya sake za a karɓe katinsa na jagora. Da yammacin nan ya zo gidana, ya zauna a bakin ƙofar kicin yana kwance igiyar takalmi, ransa a ɓace. Na ce masa, "Kai ma dai da neman magana. Ka tsufa kana kai mutane inda ba su ajiye komai ba, yanzu kuma ka koma dambe da duwatsu?"

Ya ce, "Yaya, ki yi ta dariya. Wata rana za a je neman wani a ƙasan ramin nan."

Na ce, "To ka tabbata dai ba kai ba ne, don ba ni da gwiwar zuwa ɗauko ka."

Ya yi dariya ya ce, "Ke ko kasuwa sai an yi miki alkawarin kujera."

Abin da ya faru a ranar, ba daga rahoton kwamiti na ji shi ba. Rahoton layi ɗaya ya ba shi: kuskuren hanya. Na ji shi ne daga bakin baƙuwar da yake saukowa da ita, wadda ta zo gidan makoki tana ɗingishi, ta zauna a gabanmu ni da matarsa. Ta gurɗe ƙafa a sama, sauran ayarin suka yi gaba, shi ya tsaya yana tallafe da ita. Suna tsakiyar falale da rana tsaka gajimare ya rufe su. Ya zaunar da ita a jikin wani tuli, ya cire rigar ruwansa ya lulluɓa mata, ya ce, "Baiwar Allah, zauna nan, kada ki motsa ko kin ji ana kiran sunanki. Zan taɓo na gaba in dawo in ɗauke ki." Ta ce masa tana jin tsoro. Ya ce, "Tsoron me? Ni da dutsen nan mun saba, ko matata ba ta kai shi sanina ba." Ta ce ta ji ƙarar sandarsa tana bugun dutse, ƙwas, ƙwas, tana nisa. Ta ji ya ɗaga murya ya ce, "Ga shi nan, na samu." Ta ƙara jin sandar. Daga nan ba ta sake jin komai ba.

Ya samu tuli, jama'a. Bai yi kuskure ba. Ya nemi tuli ya samu, ya nemi na gaba ya samu, ya bi su da aminci kamar yadda aka koya masa, suka kai shi inda masu hoto ke tsayawa, a ranar da ba a ganin inda dutse ya ƙare.

Magana ta uku ita ce wannan shiri naku. Shugaban masu masauki, kai ka zo falona da kanka, ka ajiye dutsen nan a kan teburina, ka ce, "Malama, ke ce babba, ke za ki aza na farko." Na tambaye ka a ina. Ka ce, "A daidai inda abin ya faru. Wurin yana fitowa da kyau a hoto." Ban amsa maka ba a ranar, saboda a gidana kake, kuma an koya mini kada in ci mutuncin baƙo. Yau a zauren jama'a muke. Kuna so ku ɗauki abin da ya kashe shi, ku gina mafi girmansa, a bakin ramin da ya cinye shi, ku rubuta sunansa a kai, ku sa yayarsa ta buɗe. Kuna so mutumin da aka sa ya ba da haƙuri don ya rushe tuli ya zama dalilin da kowane baƙo zai ƙara dutse. Ban ce kuna da mugun nufi ba. Da mugun nufi ne da abin ya fi mini sauƙi, domin mai mugun nufi ya san abin da yake yi.

Ba don mamaci nake wannan faɗa ba, shi nasa ya ƙare. Damina ta kusa. Ku leƙa ta taga, kan dutsen ya fara sa hular gajimare. Mijin 'yata yana cikin waɗanda ke tsaye a baya, ga shi can ya sunkuyar da kai yana jin kunyar surukarsa ta tashi a gaban mutane. Ji kunyarka, ɗana, na fi son ka da kunya a kan in karɓe ka a kafaɗun abokanka. Kullum da kaya a kansa yake ratsa falalen nan, kuma jikokina suna tsayawa a bakin ƙofa suna jiran saukowarsa. Duk wanda ke tsaye a bayan zauren nan akwai mai jiransa a wata ƙofa.

Don haka ga abin da nake nema. A soke ginin tulin nan. A sauke allunan da ke bangon masaukai yau, kafin baƙin gobe su karanta su. A maido wa 'yan jagora ikon hana baƙo aza dutse, ba tare da an kira su ofis ba. Sa'an nan a hau a watsar da duk tulin da ba na hanya ba ne, dattawan jagora su nuna, sauranmu mu kwashe. Ko kwamiti ya amince ko bai amince ba, gobe da safe ni da matar marigayi za mu kama hanya. Ban taɓa wuce itatuwan ƙarshe ba a rayuwata, kuma gaskiyar ƙanena ce, gwiwata ba ta da kirki. Zan tafi sannu-sannu. Wanda yake ganin tsofaffin mata biyu ba za su iya ba, ya san inda hanyar ta fara. Wanda kuma yake so ya kai ƙarata, ba ni da katin da za a karɓe.

Shugaba, ga dutsenku, na ajiye shi a kan teburinka. Na ga fanka tana ta ɗaga maka takardu tun da aka fara taro. Ka danne su da shi. Nan ne kaɗai wurin da na san zai zauna bai kai kowa rami ba.

Allah ya jiƙan ƙanena, ya jiƙan duk wanda dutsen nan ya riƙe. Allah ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ni ma ya ba ni, domin nawa bai zo ba tukuna. Allah ya tsare masu hawa, baƙi da 'yan gida, ya sauko da kowa da ƙafafunsa. Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin magana tun mai ita yana da rai. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.