Ba Zan Sa Hannu a Takardar Korar Sabon Matuƙi Ba

Mai girma shugabar taro, shugaban ƙungiyar masoya finafinan sararin samaniya da 'yan kwamitinsa, abokan aikina na da da nake hangowa a layin gaba, 'yan jarida, iyaye mata da iyaye maza, 'ya'yana da jikokina da kuka cika zauren nan har bakin ƙofa, assalamu alaikum.

Na gode da gayyata, na gode da tafin nan, na kuma gode da kujerar da aka ajiye mini, domin ƙafata ba ta jure doguwar tsayuwa yanzu. Ga wanda bai san ni ba, ni ne tsohon da ya fito a matsayin Matuƙi a fim ɗin Zangon Taurari, shekara talatin da huɗu da suka wuce. An kira ni yau domin in zama na farko da zai sa hannu a takardar nan da ke kan tebur, wadda ke neman kamfani ya cire ɗan wasan da aka ba matsayina a sabon fim ɗin, saboda ba ƙabilata ba ne, fatarsa kuma ta fi tawa haske. Wata bakwai ke nan ana tambayata ra'ayina, a kasuwa, a asibiti, har a wurin jana'iza. Na gaji, jama'a. Yau zan faɗa sau ɗaya, in huta.

Magana ta farko. Masu ƙorafi, na ji ku, kuma ba zan ce kukanku na banza ba ne. Wata malamar makaranta ta taɓa tare ni a tashar mota, ta riƙe hannuna da hawaye, ta ce: "Baba, ina shekara tara na ga fim ɗinka. Kafin ranar, duk mai kama da mu da na gani a fim, ko yana ɗauko kaya ko yana buɗe ƙofa. Kai ne na farko da na ga ya ba da umarni an bi." Na san abin da fuskar nan tawa ta zame muku. Wanda bai taɓa neman kamanninsa a majigi ya rasa ba, ba zai gane zafin ba, kuma masu yi muku dariya da cewa ai fim ne kawai, su ma ba su kyauta ba.

Magana ta biyu. Kuna cewa an halicci Matuƙi ne a kamannina. To, ni ina wurin. Marubucin, Allah ya jiƙansa, layi ɗaya ya rubuta a kan siffar mutumin: mai gajeren barci, mai tsoron rasa mutanensa. Bai faɗi ƙabila ba, bai faɗi launi ba. Wani aka fara ba aikin, ya faɗi daga babur saura kwana uku a fara ɗauka. Ni kafinta ne a lokacin, ina buga katakon cikin jirgin sararin samaniyar fim ɗin. Darakta ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa mai ɗinki: "Gwada masa rigar." Ta gwada, ta ce: "Ta zauna." Shi ke nan tarihin da ake ta zage-zage a kansa. Riga ce ta zauna.

Magana ta uku, kuma ita ce ta kawo ni. Sabon ɗan wasan nan yana da uwa. Tela ce, tana da ɗan shago mai keke biyu a wani lungu. Wani daga cikin masu cewa suna ƙaunata ya ɗauki hoton shagon ya watsa a waya, har da kwatancen layin. Bayan kwana biyu ta zo buɗewa da safe, ta tarar an rubuta zagi da baƙin fenti tun daga saman ƙofa har ƙasa, a ƙarƙashi kuma an rubuta sunana. Sunana, jama'a! Masu kawo mata ɗinki suka janye, maƙwabtan shagon suka fara kau da kai. Matar da ko tsohon fim ɗin ba ta taɓa gani ba.

Ranar Talata ɗanta ya zo gidana. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi hawa kujera. Mutum ne mai shekara talatin da 'ya'ya biyu, ya yi shekara goma yana wasa a ƙananan dandamali kafin wannan dama ta zo masa. Ya ce mini ya haddace kowace kalma da na faɗa a fim ɗin tun yana firamare, shi ma ni yake kwaikwaya a tsakar gidansu, da tukunya a ka. Sannan ya ce: "Baba, tambaya ɗaya gare ni. In na ajiye aikin, za su ƙyale mahaifiyata?" Uwargidana ce ta cece ni, ta ce masa: "Sha ruwa tukuna, ɗana." Bai sha ba.

Na roƙe shi ya dakata, na ce zan yi magana a wannan taro. Na makara. Da na yi maganar tun wata bakwai da suka wuce, da ban zaɓi shiru don kada in ɓata wa masoyana rai ba, wataƙila da ba a kai nan ba. Wannan laifin nawa ne, kuma na ɗauka. Jiya da hantsi ya kai wa kamfani takardar ajiye aiki, sun karɓa. Darakta ya gaya mini sun dakatar da fim ɗin gaba ɗaya, ba a san ranar komawa ba. Masu fitila, masu kwalliya, kafintoci irina, duk an ce su tafi gida.

Saboda haka, mai girma shugaban ƙungiya, takardarku ta riga ta yi aikinta tun kafin a sa mata hannu. Ba zan sa nawa ba. Ku ci gaba da neman a riƙa nuna irinmu a finafinai, ina tare da ku. Ku nemi a rubuta sababbin labarai, ku rubuta da kanku, ku tafi ofishin masu kamfani ku faɗa musu a fuska. Amma kada a sake zuwa ƙofar uwar wani da sunana.

Roƙona ɗaya ne. Gobe da ƙarfe tara zan je shagon nan da bokitin farin fenti da buroshi biyu. Ƙasan ƙofar zan iya, zan zauna a kan benci in shafa. Saman ne ya fi ƙarfina, likita ya hana ni hawa tsani. Ina bukatar mutum ɗaya mai ƙafa. Ba zan tambaye shi ɓangaren da yake ba, ba kuma zan tambaye shi ko ya san wanda ya yi rubutun ba.

Allah ya sanyaya zuciyar baiwar Allah nan, ya buɗe wa ɗanta wata ƙofar. Allah ya yafe mini shirun da na yi, ya kiyaye harsunanmu da yatsunmu daga cutar da wanda bai cuce mu ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa mu tarar da iyalanmu lafiya.

Na gode.