Wuƙar da Ta Naɗe a Gaban Surukai

A tashar motar Yendi, Wahid ya dangwara wata 'yar wuƙa mai naɗewa a kan teburin wani tsoho ɗan koli, yatsansa ɗaure da tsumma.

"Baba, wannan ce ka rantse mini har rago za ta yanka?"

"Ban tuna fuskarka ba, ɗana, amma wuƙar tawa ce. Me ta yi?"

"Gidan surukaina na je a Saboba. Su ba Musulmi ba ne, sai suka miƙo mini zabo in yanka da hannuna don mu ci tare. Duk gida ya taru yana kallo. Ina dannawa ta naɗe ta kama mini yatsa. Gwangwanin madara ya fi wannan ƙarfe."

"Ka ji ta yi ƙas da ka buɗe ta? Sai ta yi ƙas take kulluwa."

"Wa ke sauraron ƙas, surukai na tsaye a kansa? Ko da na buɗe ido, zabon yana kan katanga."

Tsohon ya ɗago kai. "Au, ido ka rufe?"

Kunya ta ƙara tunzura Wahid. "Maganar wuƙa muke yi, ba ta idona ba."

Tsohon ya zaro wuƙar maƙera daga kube, ya datse igiyar wani ƙunshi.

"Tsaya, Baba. Kai me ya hana ka aiki da irin wadda kake sayarwa?"

"Ni da yatsuna nake cin abinci," in ji tsohon, ya mayar da ita kube.