Saniyar Kawu da Addar Maƙwabci

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Sunana Ramatu, a Zongon Kumasi nake, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia.

A watan sanyin da ya wuce kawuna ya kwanta ciwo a ƙauye, na rufe shago na je na kama masa kiwo. Malam, na ga wahala. Ciyawa ta bushe, rafi ya ƙafe, sanyin asuba ya kashe mana 'yan tumaki biyu. Ɓawon rogo nake roƙo gida-gida ina ba dabbobi.

Wata safiya yunwa ta sa saniyarmu mai ciki ta tsinke igiya, ta faɗa gonar rogon maƙwabcinmu, Wofa Kwame. Kafin in isa ya sare ta da adda a ƙafa, ya ƙara mata a wuya. Na rungume ta ina ihu, "Wofa, don Allah bari!" Sara na uku a hannuna ya sauka. Dole aka yanka ta a nan, ni kuma ɗinki takwas aka yi mini.

Wofa Kwame da kansa ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti, yana kuka yana cewa rogon nan ne abincin 'ya'yansa.

Yanzu yayyena da ke nan Kumasi sun rantse ranar Asabar za su je ƙauyen su ƙone gonarsa. Na ce musu in sun dawo Kumasi, kawu za su bari shi kaɗai a ƙauyen, amma sun ƙi ji. Suna sauraron shirin nan, Malam. Don girman Allah ka yi musu magana.