Madubin Hagu

A bencin ƙofar ofishin 'yan sanda, wani direban tasi ya zuba wa motarsa ido. An ƙwato ta daga hannun ɓarawo, aka ajiye ta a matsayin shaida. Wani mai sayar da kayan mota ya zauna kusa da shi.

"Malam, taka ce waccan da ke kan duwatsu?"

"Tawa ce. Da ƙafafunta ta shigo."

"Ai shaida ba a taɓa ta sai alƙali ya gani."

"Haka suka ce. Kafin ya gani, sai dai a kai masa lambarta a aljihu. Ɓarawon ma ya fi su amana, har baƙin mai ya canza mata. Da ita nake ciyar da gidana, yau ba batir, ba madubi."

"Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. In an sake ta, zo shagona. Ina da madubinta sak, 'yar tsaga ce kawai a ƙasansa."

Direban ya juyo ya dube shi da kyau.

"Na hagu?"

"Na hagu."

"To adana min shi. Autata ce ta tsaga shi."