A Sauke Mata Gilashi

Yaniris: Halo? Halo, Wilkin, kana ji na?

Wilkin: Ina ji, Yaya Yaniris. Ina wuni?

Yaniris: Lafiya ƙalau. Ya aiki? Ya zafin nan?

Wilkin: Zafi kam lokacinsa ne. Ya maigidan naki? Ƙafar tasa ta yi sauƙi?

Yaniris: Ta yi sauƙin zuwa wurin wasan domino, ba ta yi sauƙin zuwa cefane ba. Ya ɗanka Dariel, ya makaranta?

Wilkin: Yana nan, surutu kamar an kunna rediyo. Ya 'yan matan naki?

Yaniris: Suna gaishe da kawunsu, waɗanda suka tuna kamanninsa.

Wilkin: Yaya, kin fara ke nan.

Yaniris: Gaisuwa ce kawai. Ya mutanen gidan?

Wilkin: Mutanen gidan suna da suna.

Yaniris: Ya Mirlande?

Wilkin: Matata lafiyarta ƙalau. Kin ga, kin faɗa kuma bakinki bai ƙone ba.

Yaniris: Ka saurari saƙon da na tura maka da safe?

Wilkin: Na saurara. An kwantar da Mami a asibiti. Ya jikin nata?

Yaniris: Yanzu fada ya fita. Ya shafa mata mai.

Wilkin: Mai? Akwai mai a motar, ba shi ne matsalar ba, nisa ne...

Yaniris: Ba man mota ba! Fada, Wilkin, fadan cocinmu! Man da ake shafa wa mai barin duniya. Halo?

Wilkin: Layin yana yankewa.

Yaniris: Ba layi ba ne, ka ji ni sarai. Likita ya ja ni gefe, ya ce duk wanda ke da rabon ganinta a kira shi yau, kada a ce sai gobe. Tun asuba sunanka take kira. Ni da na kwana a kujera ina goge mata baki, ko sau ɗaya ba ta ce Yaniris ba. Ina autana, ina autana, shi ke nan karatun.

Wilkin: Ina Dajabón, Yaya. Na kai kaya bakin iyakar Haiti, yau kasuwa ke ci. Ko yanzu na taso sai dare.

Yaniris: Dajabón.

Wilkin: Eh.

Yaniris: Ikon Allah. Ashe mai ayabar nan har Dajabón yake kaiwa.

Wilkin: Wane mai ayaba?

Yaniris: Mai motar lasifika. "Ayaba, ayaba, uwargida fito da kwando." Ina jin sa ta tagar ɗakin nan da kunnen hagu, ina jin sa a wayarka da kunnen dama.

Wilkin: Haba Yaya, duk ƙasar nan wane gari ne babu mai ayaba?

Yaniris: Har da tarin da ya yi yanzu? Bari in fito baranda. Yauwa. Akwai wata farar mota a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tsallaken titi, mai baƙin gilashi kamar ta 'yan siyasa. Tun kafin fada ya shigo take wurin, injinta a kunne.

Wilkin: Irin motar nan ta cika birnin Santiago, ba ni kaɗai ke da ita ba.

Yaniris: Gaskiyarka. Shi ya sa ban ce komai ba. Ka san me na samu a jakar Mami ɗazu? Ta ce in ɗauko mata carbinta, na zazzage jakar, sai ga makulli a naɗe cikin hankici.

Wilkin: Wane makulli?

Yaniris: Makullin motarka na biyu. Wanda ka damƙa mata ranar da ka kawo motar ta sa mata albarka. Ka manta? Ka tsaya a ƙofar gida kana ta fankama, ka ce Mami danna nan ki riƙe, kada ki saki. Gilasai huɗu suka sauka da kansu, ta yi ihu ta yi alamar gicciye, ta ce aljanu. Daga baya sai da ta tara duk matan layinmu tana nuna musu abin da autanta ya saya.

Wilkin: Batirinsa ya daɗe da mutuwa.

Yaniris: To bari mu gani. Maɓallin nan mai hoton kwaɗon ƙofa a buɗe, ko? A danna a riƙe.

Wilkin: Yaya, kada ki...

Yaniris: Kai! Kai, kai, kai. Ga su nan suna sauka. Sannu da zuwa daga Dajabón, Wilkin. Hanya ta yi kyau, ko ƙura babu a jikinka.

Wilkin: Wannan wane irin wulaƙanci ne?

Yaniris: Ɗago kanka. Bene na farko, mai koren zane a kafaɗa. Ni ce nake ɗaga maka hannu. A'a, kada ka ɗaga gilashin! Ka ɗaga in sake saukewa, yatsana bai gaji ba. Ka gani? Mu wuni a haka in kana so.

Wilkin: Ki bari, sanyin motar yana fita.

Yaniris: Sanyin mota! Uwarka na numfashi da roba a hanci kana lissafin sanyi. Wace ce a gefenka take rufe fuska? Au, Mirlande ce, tare kuke.

Wilkin: Tare muke. Ita ta tashe ni ta ce mu zo. Da don ta ni ne da ina gida.

Yaniris: To me ya zaunar da kai? Matakala ce kaɗai tsakaninka da Mami.

Wilkin: Kin san abin da ya zaunar da ni.

Yaniris: Wilkin, don girman Allah, ba yau ba.

Wilkin: Yaushe to? Kullum ba yau ba. Ranar aurena kun ce ba yau ba, a bar tsohuwa, wai ciwon kai ne ya hana ta zuwa. Ranar da na kai Mirlande gida aka dafa kofi, kowa aka ba shi kofin tangaran, ita aka ɗauko mata na gwangwani daga bayan murhu. Tana ajiyewa Mami ta zuba masa tafasasshen ruwa a gabanta. Kina zaune, Yaya. Kika ce in yi haƙuri.

Yaniris: Mutanen da ne, haka suka taso suna ji game da mutanen Haiti, ƙasar iyayenta. Ba zan ce ta kyauta ba.

Wilkin: A nan aka haifi Mirlande! A gonar rake, ƙasa ɗaya da ni da ke.

Yaniris: Na sani.

Wilkin: Na haɗiye duk wannan. Sai da aka haifi Dariel. Na ɗauko jariri da hannuna na kai mata, na ce Mami sa masa albarka. Me ta yi?

Yaniris: Wilkin...

Wilkin: Faɗi mana, ai kina wurin. Ba ta karɓe shi ba. Ta sa yatsa ta lanƙwasa kunnensa, ta leƙa bayan kunnen don ta ga iya baƙin da zai yi. Sannan ta dube ni ta ce, ka ɓata mana iri. Mota ta sa wa albarka, Yaya, har da yayyafa mata ruwan coci. Ɗana ko taɓa goshinsa ba ta yi ba.

Yaniris: Kana tsammanin ni daɗi nake ji? Ni ma da gashina ta fara. Tun ina ƙarama take ƙona mini kunne da ƙarfen miƙar da gashi, wai kada a ce 'yarta mai mugun gashi ce. Amma ni na zauna. Ni nake juya ta, ni nake wanke ta, ni take zagi in miya ta yi gishiri. Kai ka yi fushi ka tafi, fushin ma gata ne, ba kowa ke samunsa ba.

Wilkin: Ban ce ba ki wahala ba.

Yaniris: Ba godiya nake nema ba. Hawa nake so ka yi. Ka shigo ka ce Mami sa mini albarka, ta ɗora maka hannu, ka fita. Ko zama kada ka yi. In ta tafi tana kiran sunanka, ni za a bari da wannan kiran a kunne har in mutu.

Wilkin: Ta ambaci Dariel?

Yaniris: Halo? Me ka ce?

Wilkin: Yanzu kuma layinki ne ya lalace? Na ce ta ambaci sunan Dariel, ko na uwarsa?

Yaniris: Ba ta cikin hayyacinta sosai.

Wilkin: Amma ta san sunana.

Yaniris: Ta sani.

Wilkin: To ji. Zan hau yanzun nan. Amma da matata zan hau, hannuna cikin nata. Ba sai Mami ta roƙe ta gafara ba, na yafe wannan. Ta bar ta ta shigo ɗakin ta tsaya a bakin gado kamar surukar kowa, shi ke nan.

Yaniris: Ku hau kawai, wa zai hana ku?

Wilkin: A'a. In shigo da ita a kore ta a gaban nas-nas? An yi mata ya isa. Ki tambaye ta. Ki sa wayar a lasifika in ji da kunnena.

Yaniris: Kai dai taurin kanka nata ne, ba ka bar komai ba. Tsaya in shiga. Mami? Mami, buɗe ido. Ga Wilkin a waya. Yana ƙasa, ya zo.

Mami: Autana? Ya zo?

Wilkin: Mami, ni ne. Ina nan ƙasa.

Mami: Wayyo ɗana. Muryarka ta shaƙe, mura kake yi? Ka ci abinci? Hawo in gan ka. Yaniris, gyara mini gashi, kada ya same ni haka.

Yaniris: Mami, ba shi kaɗai ba ne. Tare yake da Mirlande.

Mami: Da wa?

Yaniris: Mirlande, matarsa. Uwar jikanki. Ita ce ma ta taso shi suka zo. Tana so ta shigo ta gaishe ki.

Mami: Ita ta kawo shi?

Yaniris: Ita ce, Mami.

Mami: Allah sarki. Ta kyauta. Ta kyauta ƙwarai.

Yaniris: To su hau?

Mami: Shi ya hau. Ita ta jira a mota, ba daɗewa zai yi ba. Amma da zafin nan kada a rufe ta a ciki, alhaki ne. A sauke mata gilashi ta sha iska.

Yaniris: Mami!

Mami: Me na ce kuma? Ki aika mata da lemo mai sanyi.

Yaniris: Wilkin, tsaya, na cire lasifikar, ina fitowa baranda. Ka ji ni? Magani ne ke magana, tun safe suke ɗura mata allurai.

Wilkin: Wannan ba magani ba ne. Wannan Mami ce da lafiyarta.

Yaniris: A ganinta alheri ta yi. Iyakar inda za ta iya kaiwa ke nan, ka karɓa a haka.

Wilkin: Haka ake yi wa kare in za a shiga kanti. Bari, Mirlande. A'a, na ce ki bari, sakar mini hannu.

Yaniris: Me take cewa?

Wilkin: Wai in hau, ita za ta jira. Wai ta saba.

Yaniris: To ka ji! Ita da aka yi wa ma ta yarda. Mirlande! Mirlande, ƙanwata, tura shi ya fito!

Wilkin: Yau ta zama ƙanwarki? Ta saba, Yaya. Kin ji kalmar? A gidanmu ta saba, ina tsaye ina kallo. In na fita daga motar nan na bar ta a zaune, gobe da wane ido zan dubi Dariel?

Yaniris: Da wane ido za ka dubi akwatin gawa?

Wilkin: Ki ce mata na zo. Ai ta ji muryata.

Yaniris: Ba murya take so ba, kanka take so ta dafa! Kada ka ɗaga gilashin nan. Wilkin! To ga shi na sake saukewa. Dube ni. Kuka kake yi, ina ganin ka daga nan, wa kake ɓoye wa?

Wilkin: Ki riƙe makullin. Ki sa mata a jaka inda kika same shi.

Yaniris: Me ya sa motar take motsi? Taka birki! Ga ta can tana kira, ba ka ji? Ta sa ni in gyara mata gashi saboda kai! Me zan ce mata in na koma ciki?

Wilkin: Ki ce ina neman inda zan ajiye mota a inuwa.

Yaniris: Ni zan yi maka ƙaryar ma? Wilkin, kada ka sha kwanar nan. Ina dannawa, ka ji, ina dannawa na riƙe! Ba ya yi. Ka yi nisa, ba ya kamawa. Dawo baya kaɗan, don Allah, autan Mami, ko zuwa bishiyar ne. Katina ya kusa ƙarewa, kira ni, ka ji? Ina zuwa, Mami, yana hawowa! Wilkin, ka ce wani abu mana, Wil...