Koriyar Ƙofa a Tashar Babura

A tashar Babura akwai rumfar jira da aka gina da ƙofofin tsofaffin motoci, kowace da launinta. Wani dattijo ya tsaya a rana yana harararta, ya ƙi shiga. Wata budurwa da ke zaune a ciki ta leƙo.

"Baba, shigo inuwa mana. Motar Kazaure ba yanzu za ta cika ba."

"Wannan ce inuwa? Tarkace ne kawai aka tsayar. Sai na sa shugaban tasha ya rushe ta."

"Haba Baba! Yayana ne ya haɗa ta, shi da abokansa masu zane. Da can nan juji ne, ko akuya ba ta kwanciya."

"To, ki gaya wa yayan naki ya cire koriyar can."

"Me ta yi maka?"

Dattijon ya nuna ƙofar da yatsa.

"Ƙofar motata ce, na gane lotsawar nan. Da motar na ciyar da gidana, har idona ya yi rauni na sayar wa 'yan gwangwan. Na ɗauka an narkar da ita na huta. Yanzu duk na zo sai ta tsare ni da ido."

Budurwar ta murɗa hannun gilashin ƙofar. Ya sauka sumul, iska ta shigo.

"Ikon Allah! Duk zamana da ita gilashin nan bai taɓa sauka ba."

"Yaya ne ya gyara."

Dattijon ya tattare rigarsa, ya sunkuya ya shiga.

"Matsa can, 'yata. Nan wajen direba ne."