Tsohuwar da munka iske cikin gidan da munka saya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Sunana Saratu, matar Dauda mai gyaran injin ban-ruwa. Da yawanku kun zo addu'ar buɗe gidanmu, kun ci shinkafa, kun yi murna da mu. Amma akwai abin da ba ku sani ba, kuma Ubangiji bai bar ni in huta ba sai na faɗe shi gabanku.

Shekara goma sha ɗaya muna haya garin ga na Malanville. Gida shida munka zauna. Wani mai gida ya ce ɗanshi za ya yi aure, mu tashi. Wani ya ce waƙoƙinmu na safe sun dame shi. Na ƙarshen yana gangare wajen gulbi, kuma shekarar da ruwa ya cika, da hantsi ya shigo muna ɗaki har gwiwa. Na ɗora ɗiyata Rahila bisa kai, ina kallon katifarmu tana yawo tsakar gida. Ran nan na yi rantsuwa cikin raina: sai na samu inda ba mai ce mini tashi.

Tun daga nan ba ni da wata magana sai gida. Ina saida albasa kasuwa, idona na bisa katangun mutane. Ko addu'a na durƙusa, gida ɗai nike roƙo.

Shekara ukku munka yi muna nema. Wanga ya yi tsada, wancan magada na rigima a kai. Rannan dillali ya kai mu wani gida bisa tudu, wajen hanyar Guéné. Ɗaki ukku, rijiya, da iccen mangwaro. Mai saidawa wani ne Sumaila, ya ce gadon ubanshi ne. Ɗaki guda na kulle da kwaɗo. Na tambaye shi, ya ce, "Tarkacena ne, Madam. Kahin ku tare na kwashe."

Dauda ya so mu dakata mu tambayi maƙwabta. Ni na hana. Na ce, "Baban Rahila, in ka tsaya tambaya wani za ya riga mu." Munka tahi wurin delege, wato mai unguwa, munka tahi meri, ofishin magajin gari, anka sa hannu, anka buga hatimi. Na rungume takardar kamar jinjiri.

Ranar tarewa munka loda kaya bisa amalanke biyu. Muna shiga, sai ga ɗakin nan buɗe, wata tsohuwa zaune bakin ƙofa tana tsintar shinkafa cikin faifai. Ta ɗaga kai ta ce, "Sannunku da zuwa. Wa kuke nema?"

'Yan'uwa, uwar Sumaila ce! Inna Hawwa sunanta. Ashe ya aike ta Madécali wurin ƙanwarta sati ukku, ya saida gidan bayan idonta, ya hau jirgi ya ƙetare gulbi. Har yau ba wanda ya san inda yake.

Dauda ya durƙusa ya yi mata bayani da harshen Dendi, sannu sannu. Ta saurara har ya ƙare. Sannan ta nuna ɗakin da haɓa ta ce, "Nan ciki na haihe shi. Nan anka wanke ubanshi. Ina kuke so in tahi?" Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na tahi wurin jandarma da takardata. Wanda na iske ya duba ya ce gidan namu ne, ba shakka, amma in koma mu nemi dangin tsohuwa a daidaita cikin mutunci. Dangin kuwa ƙanwa ɗaya ce, ita ma zaman cin arziki take gidan surukinta.

Nan ne Shaiɗan ya samu wurin zama cikina.

Ba ni ɓoye muku komi. Na daina amsa gaisuwarta. Na ɗauke guga daga bakin rijiya na kulle ɗakina, sai ta tahi maƙwabta roƙon ruwa da 'yar butarta. Na hana Rahila karɓar gyaɗar da take ba ta. In ta shimfiɗa tabarma za ta yi salla, lokacin ne nike fara daka. Kuma kowace Lahadi ina nan gabanku da kallabin zumuntar mata, ina ɗaga hannu ina waƙa!

Dauda ya ce mini, "Saratu, ɗaki biyu sun ishe mu. Da ɗaki guda munka saba."

Na ce, "Ban yi shekara ukku cikin rana ba don in raba gidana da kowa."

Ya ce, "Ba ke ba ce wagga. Ban san ki haka ba."

Gaskiya ya faɗa. Abinci ya daina shiga mini. Kaina na sara kullum, likita ya ce tansiyona, wato jinina, ya hau. Na samu gidan da na roƙa, amma in na taso daga kasuwa ƙafata ba ta son hanyar.

Wata Talata, cikin zahin bazara, Dauda ya tahi Toumboutou gyaran inji. Inna Hawwa ta hita gaida mara lahiya. Na shiga ɗakinta na kwashe komi, akwatin ƙarhe, tabarma, tukwane biyu, da wata tsohuwar rigar namiji da ta naɗe cikin zane. Na jibge su waje bakin hanya, na sa sabon kwaɗo, na rufe ƙofar gida.

Ta dawo wajen azahar. Ina leƙe ta kafar ƙofa. Ba ta buga ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna bisa akwatin, cikin ranar nan da kun sani, ta riƙe rigar bisa cinya. Maƙwabciya ta zo ta ja ta inuwa, ta ƙiya. Na koma ciki na kunna rediyo don kar in yi tunani.

Ban san awa nawa anka yi ba. Sai na ji ana dukan ƙofa da ƙarhi. Maƙwabciyar ce. "Madam, hito! Ta faɗi!"

Na iske ta kwance cikin ƙasa, bakinta ya karkace, idonta buɗe yana kallona. Munka tare mai moto, wato babur, na hau baya na riƙe ta tsakaninmu. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki Rahila. Wannan ce na yi wata biyu ina yaƙi da ita.

A asibiti sunka shiga da ita. Ma'aikaciya ta hito da takarda ta tambaye ni, "Ke mi ce gare ta?"

Mi zan ce? Na juya na tahi bayan ginin, inda ake shanya, na zube bisa gwiwa cikin tsakuwa. Na fara, "Ubanmu wanda ke cikin sama," na kai wurin gafara, kalmar ta ƙi hita. Sai kuka. Na ce, "Yesu, ni ce! Ba Sumaila ɗai ba, ni ce. Sau da yawa anka ce mini tashi, na san ɗacinshi, kuma na ɗauke shi na ɗora ma tsohuwa. In ta mutu jininta na hannuna. Ka karɓe gidan in kana so, amma ka bar ta da rai, ka cire mini dutsen ga daga ƙirji."

Ban ji murya daga sama ba. Abin da na sani, na tashi hushin nan babu shi, sai kunya da tsoro. Na koma na ce ma ma'aikaciyar, "Rubuta gidanmu ɗaya. Ni ke jinyarta."

Kwana tara munka yi. Ubangiji ya ji roƙona, ta rayu. Haleluya! Amma hannunta na hagu bai dawo ba, kuma likita ya ce da wuya ya dawo. Ni da Dauda munka maida kayanta ɗaki, kowane inda yake. Na durƙusa gabanta na faɗi duk abin da na yi, na roƙi gafara. Ta daɗe tana kallon bango. Ta ce, "Na ji." Ba ta ƙara komi ba, har yau, kuma ba ni da bakin neman ƙari.

Yanzu ni ke ɗaura mata zane da safe. Ni ke zuba mata ruwan alwala, tun da hannu guda ba ya riƙe buta kuma ya wanke jiki. Wani lokaci in moto ya tsaya ƙofar gida sai ta miƙe wuya ta ce, "Shi ne?" Sai in ce, "Ba shi ba ne, Inna." Wannan ya hi komi yi mini zahi.

Ina gode ma Ubangiji da ya tsayar da ni kahin in zama mai kisan kai. Ina gode mishi don miji mai haƙuri. Ku taya ni addu'a don Inna Hawwa, ku yi ma Sumaila ma, ko Allah ya juyo da shi uwarshi ta gan shi da ranta.

Kuma duk mai zaune nan da wani abu daskare cikin zuciya, kar ka jira sai an buga maka ƙofa kamar yadda anka buga mini. Ka kai ma Yesu shi yau. Ya karɓi nawa, duk muninshi, za ya karɓi naka. Yabo ya tabbata ga sunanshi. Amin.